Ofiliya A Cikin Ruwa, Uwar Shaihu Umar A Kan Hanya



Akwai wani hoto da na tabbata da yawa daga cikinku kun taɓa cin karo da shi a waya, ko da ba ku san sunansa ba. Wata Baturiya ce kwance rigingine a cikin rafi, sanye da doguwar riga mai ado, tafukan hannunta a buɗe suna kallon sama, bakinta a ɗan buɗe, furanni na yawo a kan ruwa kusa da ita. Gefe da gefe kuma ganyaye ne kore shar. Ana yawan ɗora shi a WhatsApp da Facebook, wani lokaci a liƙa masa kalaman soyayya a ƙasa.

Ni dai a wayar wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya a hostal na fara lura da shi, a zangon karatun da ya wuce. Ta sa shi a fuskar WhatsApp ɗinta, ya yi kusan mako uku a wurin. Duk wadda ta gani sai ta ce, "Kai, wannan hoto ya haɗu, turo min." Ni ma abin da na ce ke nan. Babu wadda ta tambaye ta dalili. Sai daga baya muka gane ashe a makonnin nan ne aka fasa maganar aurenta, ga kwas biyu da ta faɗi, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Alhamdu lillahi ta warware, tana nan lafiya lau, kuma da izininta nake wannan rubutu. Amma abin ya tsaya min a rai. Mun kalli hoton yarinyar da ruwa ke ci, abin da muka gani kawai shi ne kyau.

Shi ya sa na bi diddigin hoton: wace ce a ciki, wa ya zana, ta yaya, kuma me ya sa yake ruɗar ido haka. Binciken ya ɗauke ni daga Landan, ya dawo da ni har garinmu Makarfi, inda ban taɓa zato ba.

Wace ce Ofiliya?

Ofiliya ba ta taɓa rayuwa a duniya ba. Tauraruwa ce a wasan kwaikwayon Hamlet, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1600. Labarin a fadar ƙasar Denmak yake faruwa. Hamlet ɗan sarki ne, ƙanin mahaifinsa ya kashe uban, ya haye gadon sarauta, ya kuma auri uwar. Ofiliya kuwa 'yar wani babban bafade ce mai suna Polonius, kuma Hamlet ya taɓa nuna yana son ta.

Matsalarta ita ce kowa yana da abin da yake so ta yi. Yayanta Laertes ya ja mata kunne a kan Hamlet. Mahaifinta ya hana ta kula shi, ta yi biyayya. Daga baya uban da sarki suka mai da ita tarko, suka tura ta wurin Hamlet su kuma suka laɓe suna saurare. Hamlet ya ci mata mutunci, ya ce bai taɓa son ta ba. Bayan haka ya soke mahaifinta da takobi ta bayan labule, a zatonsa sarki ne. Ka ga ke nan wanda take so shi ya kashe wanda ya haife ta, yayanta yana Faransa, ba ta da uwa a labarin, ba ta da ƙawar da za ta kai wa kuka. Hankalinta ya gushe, ta riƙa yawo a fada tana waƙe-waƙe tana raba wa mutane furanni.

Wani abin lura shi ne, ba a nuna mutuwarta a dandali ba. Sarauniya Gertrude ce ta shigo ta ba da labari a ƙarshen kashi na 4: yarinyar ta hau wata bishiya a bakin rafi za ta rataya furannin da ta saƙa, reshe ya karye, ta faɗa ruwa. Rigarta ta baje ta riƙe ta a sama na ɗan lokaci, tana ta waƙa kamar ba ta san halin da take ciki ba, har rigar ta sha ruwa ta yi nauyi ta ja ta ƙasa. Ko hatsari ne ko ita ta bar kanta, Shakespeare bai yanke ba. Masu haƙa kabarinta sun yi gardama a kai, limamin coci kuma ya taƙaita addu'ar jana'izarta saboda shakku.

Yadda aka yi zanen

Wanda ya zana hoton shi ne John Everett Millais, ana kiran sunan "Mile". An haife shi a 1829, ya fara aikin a 1851, wato yana da shekara 22, sa'an yawancinmu da ke shekarar ƙarshe ta difloma. Shi da abokansa, William Holman Hunt da Dante Gabriel Rossetti, sun kafa wata ƙungiya a 1848 don bijire wa salon da ake koya musu a babbar makarantar zane ta Landan. A ganinsu malamansu sun koma kwaikwayon magabata, launuka duhu-duhu, komai bisa ƙa'idar da aka haddace. Su kuma suka ce a fita waje a kalli abu da ido, a zana shi yadda Allah ya halicce shi.

To, a ka'idar wancan zamani mutum ake fara zanawa, daga baya a cike bayansa da 'yan bishiyoyi. Millais ya juya abin. Ya tafi bakin wani ƙaramin kogi mai suna Hogsmill a yankin Surrey, kudu da Landan, ya kafa ƙyallen zanensa, ya fara da ciyawa da ruwa. Ya shafe kimanin wata 5, daga Yuli zuwa Disamba na 1851, kwana 6 a mako, wata rana har awa 11 yana zaune wuri ɗaya. A wasiƙunsa ya koka da cizon ƙudaje da iska, har an yi masa barazanar kai shi kotu wai ya tattake ciyawar wani manomi. Da sanyi ya shigo sai aka yi masa 'yar bukka ya ci gaba daga ciki.

Abubuwa biyu suka taimaka masa. Na farko, a 1841 aka ƙirƙiro zuba fenti a cikin ɗan bututun ƙarfe mai matsewa, irin na man goge baki, don haka ɗaukar fenti zuwa daji ya yi sauƙi. Na biyu, 'yan ƙungiyar kan shafa farin fenti a ƙasa, sannan su ɗora launi siriri a kai. Haske kan ratsa launin ya bugi farin ya dawo, shi ya sa koren da ke hoton yake ƙyalli kamar an kunna masa fitila ta baya.

Furannin ma ba ado ba ne kawai. Turawan wancan lokaci suna da ma'anar da suke ba kowane fure, kamar yadda mu ma goro da lalle ke da saƙonsu. Bishiyar da ta sunkuyo kan ruwa alama ce ta soyayyar da aka yasar. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi irin na karara, alamar raɗaɗi. 'Yan shuɗin furannin da ke wuyanta suna nufin riƙon amana, da kuma mutuwar ƙuruciya. Akwai jan fure guda kusa da hannunta, wanda daga danginsa ake samun ofiyom, yana nufin barci da mutuwa. Wannan jan furen babu shi a cikin waɗanda Shakespeare ya lissafa, Millais ne ya ƙara. Kuma saboda ya daɗe a bakin kogin, furannin da ba sa fitowa lokaci ɗaya sun haɗu a hoto ɗaya, kamar a ce ka zana gonar da gero ke bununi alhali ana girbin dawa.

Zanen ba wani ƙato ba ne, tsawonsa kimanin santimita 76, faɗinsa 112. Tun kafin a gama shi wani dillali mai suna Henry Farrer ya saya a kan fam 315. An baje shi ga jama'a a 1852. A 1894 attajirin sukari Henry Tate ya ba da shi kyauta ga ƙasa, kuma yau yana gidan adana zane-zane na Tate Britain a Landan.

Matar da ta kwanta a baho

Tunda Ofiliya ba ta da fuska, dole a aro ta wata. Wadda aka aro ita ce Elizabeth Siddal, 'yar talakawa da ke aiki a shagon ɗinka huluna. Millais ya sayo tsohuwar riga mai aikin zaren azurfa a kan fam 4, ya cika bahon wanka da ruwa a ɗakin aikinsa da ke titin Gower a Landan, ta riƙa shiga da rigar tana kwanciya awa da awanni, a tsakiyar hunturun Ingila. Ana jera fitilun mai a ƙarƙashin bahon don ruwan ya yi ɗumi.

Ran nan fitilun suka mutu. Shi gogan naka ya nutse cikin aiki bai lura ba, ita kuma ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da kwanciya a ruwan sanyi har ya gama. Ciwo mai tsanani ya kama ta. Mahaifinta ya nemi Millais ya biya fam 50 kuɗin likita ko su haɗu a kotu, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Mutumin da ya iya ganin jijiyar kowane ganye a bakin kogi, bai ga cewa mutum na karkarwa a gabansa ba. Ita kuma an rene ta a kan cewa yarinyar kirki ba ta ƙorafi. Wannan hali mun san shi, ba sai an je Ingila ba.

Elizabeth ba fuska ce kawai ba. Ita ma ta koyi zane, ta rubuta waƙoƙi, har babban mai sharhin zane na zamanin, John Ruskin, ya riƙa biyan ta kuɗi duk shekara don ayyukanta. Ta auri Rossetti a 1860. A 1861 ta haifi 'ya mace ba rai, baƙin ciki ya rufe ta. A watan Fabrairu na 1862 ta mutu tana da shekara 32, bayan ta sha wani ruwan magani na ofiyom fiye da kima. Maganin nan ɗan uwan kodin ne, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a nan Arewa. Mijin ya binne littafin waƙoƙinsa tare da ita, a 1869 kuma ya sa aka tone kabarin aka ciro masa abinsa. Yau miliyoyin mutane sun san fuskarta a matsayin gawa mai kyau, kaɗan ne suka san ta taɓa riƙe buroshi.

Mai zane daƙiƙa ɗaya gare shi

Ga inda nake so mu fahimta. Marubuci yana da shafuka ɗari, yana iya nuna maka jiya da yau da gobe. Mai zane kuwa daƙiƙa ɗaya tak zai tsayar daga cikin labarin. Wadda ya zaɓa ita za ta zauna a kan mutane, har ta danne sauran labarin.

Millais yana da zaɓi da yawa. Yana iya zana Ofiliya lokacin da uba da wa ke yi mata huɗuba, ko lokacin da take tsaye maza biyu na laɓe suna amfani da ita, ko ranar da aka gaya mata wanda ya kashe mahaifinta. Da ya yi haka, da mai kallo ya tambayi wa ya jawo. Sai ya zaɓi 'yar tazarar da ke tsakanin faɗawa ruwa da nitsewa, inda babu kowa a wurin sai ita da furanni. Babu Hamlet, babu Polonius, babu sarki. Duk masu laifi an share su daga hoton. Abin da ya rage shi ne mace da ruwa, sai ka ɗauka wani tsautsayi ne ya sauko daga sama.

Sannan ya ƙawata abin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ko kududdufi da damina ana neman yaron da ruwa ya ci, ya san babu kyau a cikin nitsewa. Akwai ihu, akwai laka, akwai uwa da ake riƙewa. Zanen ya ɗauke duk wannan ya ba mu natsuwa. Ba ina cewa aikin banza ba ne, wallahi gwaninta ce ta gaske, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sa duniya ta tsaya ta dubi yarinyar da a cikin wasan kowa ya yi banza da ita. Amma ga wadda zuciyarta ke cikin ƙunci, hoton yana iya raɗa mata cewa a can ne hutu yake.

Tun da daɗewa masu karanta wasan ke tambaya: wanda ya ga duk abin nan dalla-dalla har ya kai wa sarauniya labari, me ya hana shi miƙa mata sanda? Millais ya ajiye mai kallo daidai wurin da wannan mutumin ya tsaya, a bakin rafi. Mu 'yan ɗakinmu a nan muka tsaya mako uku.

Mu ma muna da namu

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Wanda ya tashi ya tarar da littattafan soyayya na Kano a ɗakin yayyensa ko innarsa, ya san bangonsu: zanen hannu na budurwa da gyale, ta yi tagumi, wani lokaci hawaye na zuba. Wannan ma zanen tauraruwar labari ne, kuma shi ke sayar da littafin. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya ta faɗa rijiya saboda za a raba ta da Muhammad a aura mata mai kuɗi. Bambancinta da Ofiliya shi ne ita an ciro ta da rai. A Jiki Magayi akwai Zainab, wadda aurenta da attajiri ya jawo ramuwar gayyar da ta faɗa kan ɗanta.

Amma wadda ta fi tsaya min ita ce uwar Shaihu Umar. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da talifi da ke Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haifi Ɓalewa a 1912, ka ga ke nan shi ma bai wuce shekara 22 ba lokacin, yana ɗan malamin makaranta, tun kafin ya zama Firayim Minista.

Ga waɗanda suka manta tun sakandare, Shaihu Umar malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. A Kagara aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwar ta auri Makau, amintaccen bafaden sarki. Sauran fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Ina ya sami mafaka? Makarfi. Ranar da na sake karanta wurin nan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Garin da nake ratsa kasuwarsa tun ina yarinya, garin rake da mazarƙwaila, ashe yana cikin ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa, a matsayin wurin da iyalin da aka tarwatsa ke sa ran sake haɗuwa.

Kafin ta bi mijinta, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A bayanta aka sace shi. Ya bi hannu-hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Ita kuwa ta ƙi zama. Ta bi sawunsa zuwa Kano, ta bi ayari ta shiga Sahara, aka yaudare ta, ta faɗa cikin bauta, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Shekaru suka shuɗe tana shan wuya. Daga ƙarshe Allah ya haɗa ta da ɗanta ya zama babban mutum, ita kuma ciwo da wahala sun gama da ita. Ba ta daɗe ba ta cika.

Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka gyara fim ɗin aka nuna a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Duk da haka, in ka ce wa ɗalibai goma su rufe ido su hango Sarauniya Amina, kowa zai ga mace bisa doki da takobi, saboda masu zane sun ba ta siffa, har a kan sarki na gidan waya an buga ta a 1975. In ka ce su hango uwar Shaihu Umar, sai a yi tsit.

In za a zana ta, wace daƙiƙa?

Wannan tambaya nake miƙa wa 'yan uwanmu masu hannun zane, musamman masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. In aka bi hanyar Millais, za a zana ta kwance a Tarabulus, ɗanta na riƙe da kanta, haske na sauka a fuskarta. Zai yi kyau, za a yi ta turawa a waya. Amma zai sake yin abin da aka yi wa Ofiliya: a tuna da mace saboda yadda ta mutu.

Ni da zan iya riƙe buroshi, da safiyar da ta fita zan zana. Mace ita kaɗai, ƙunshin kaya a ka, ta ba gari baya ta fuskanci arewa, gonakin rake na ƙarewa a bayanta. A nan ne halinta yake. Ofiliya abubuwa ne suka yi ta faruwa da ita, wannan kuwa ita ta yanke shawara, ta san hatsarin, ta tafi. Kuma a gefen hoton zan bar masu laifi su fito: fadawan da suka yi ƙulli, da dillalin da ke ƙirga kuɗi.

Na san wani zai ce, "Malama, zanen mai rai fa?" Tambaya ce mai muhimmanci, ba ta wasa ba. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori, kuma malamai da yawa sun hana zana duk abin da ke da rai. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan, an bambanta mutum-mutumi mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shafe a takarda ko ƙyalle, wanda hukuncinsa bai kai can ba. Kowa ya koma wurin malaminsa, ni ba mai fatawa ba ce. Abin da zan ce kawai, hoton da na kwatanta ba ya buƙatar fuska. Ta baya za a gan ta. Wanda ma bai yarda da hakan ba, yana iya zana sawun ƙafa a kan rairayi da gyalen da ƙaya ta riƙe. Magina a Zariya sun daɗe suna ba da labari a jikin bango da dagi da sauran alamomi ba tare da sun zana mutum ba. Kuma a Zariyar nan ce, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su karɓi dabarun Bature amma su zana abin da yake nasu. Daga Tashar Yari zuwa inda suka yi wannan yunƙuri ba wata tafiya ba ce.

Dalilin da ya fi kowanne shi ne hanyar da matar nan ta bi ba ta mutu ba. Daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa kudancin Libiya, har yau ana bin ta, sai dai mota ta maye gurbin raƙumi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan uwanmu. A Nuwamba na 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Mu da muke shirin karɓar sakamako mu fita neman aiki, wa zai rantse ba a taɓa yi masa tayin "hanya" ba? Zanen uwar Shaihu Umar a bangon ɗakin karatu ko zauren taron ƙungiyar ɗalibai zai yi mana maganar da lakca goma ba ta yi ba.

Kafin in ajiye biro

Abu biyu nake roƙo. Na farko, duk lokacin da kuka ga hoton wata tauraruwar labari, ko a bangon littafi ko a fostar fim ko a waya, ku tambayi kanku: wace daƙiƙa aka zaɓa, wa aka cire daga ciki, kuma wace ce ta zauna aka zana? Littafin Shaihu Umar ɗan siriri ne, ana gama shi a yamma ɗaya. Ku neme shi ku karanta, ku bi uwar a wannan karon, ba ɗan ba.

Na biyu ya fi na farko. In ƙawarki ko abokinka ya ɗora irin hoton nan, ko wasu kalamai na gajiya da duniya, kada a tsaya a "ya haɗu". A je a zauna kusa da shi a ce, "Lafiya kuwa? Me ke damun ka?" In abin ya fi ƙarfinku, a raka shi asibitin makaranta, ko wurin wani malami ko babba da ya yarda da shi. Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani, ba raunin imani ba ne kuma ba abin kunya ba ne. Na tambayi ƙawata me ya sa ba ta faɗa mana ba tun farko. Ta ce, "Ai na faɗa, ku ne ba ku ji ba."

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu gama lafiya, ya tsare mu da 'yan uwanmu a duk hanyar da za mu bi. Amin.